FILIN MAKARANTA MA AJI NE

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta dama ya ce wani abu. An san halin malami, idan alli ya shiga hannunsa ba ya son saki. Saboda haka idan muka zarce lokaci, Shugaba ya kaɗa mana ƙararrawa, kamar yadda muka shafe shekaru muna kaɗa wa wasu.

Kowa ya ga aikin da ƙungiya ta yi a makarantar firamare ta garin nan. An kewaye ta da katanga, an gyara rufin azuzuwa, Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu. To amma tun da aka gama katangar, magana ta taso a kan filin nan da ya rage a bayan azuzuwa. Wasu sun ce a yanki gefen da ke kallon hanya a gina shaguna, kuɗin haya ya riƙa shiga asusu. Wasu kuma sun ce a malale shi da siminti a huta da ƙura da taɓo. Masu son ci gaba ne suka kawo shawarwarin nan biyu, ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai shago idan an gina shi ba ya tashi, siminti kuwa idan an zuba shi an rufe bakin ƙasa ke nan. Roƙonmu shi ne, kafin a yanke hukuncin da ba a iya warwarewa, a saurari shawara ta uku: a tsara filin ya zama lambu da wurin karatu a sarari, musamman domin ƙananan yaranmu, 'yan rabin aji da 'yan aji ɗaya zuwa uku.

Karatu a sarari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yawancin waɗanda ke zaune a nan sun fara riƙe allo ne a gindin bishiya ko a ƙofar zauren malam. Da muka shiga firamare kuma mun tarar da lambun makaranta, da darasin kimiyyar karkara. A shekarar 1976, muna kwalejin horar da malamai, abubuwa biyu suka zo tare: shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo, wanda ya ƙarfafa wa makarantu gwiwa su yi noma. Muka fito da zumuɗi, kowa da littafinsa na tsarin darasi, kowa yana ganin shi ne zai mayar da makarantarsa dausayi.

Me ya kashe lambunan nan? Za a ce fari, za a ce rashin kuɗi, za a ce yawan yara ya fi ƙarfin malamai, duk kuwa akwai gaskiya a ciki. Amma yau da furfura ta cika kai, ya kamata mu faɗi namu laifin. A wata makarantar ƙauye da muka fara riƙewa, muna da gonar gyaɗa a bayan ofis. Yaron da ya makara, fartanya. Yaron da ya yi surutu, fartanya. Da kaka ta yi sai a raba buhunan tsakanin malamai, yaran da suka yi noman ko ƙwaya ba su gani ba. Bayan shekaru masu yawa muka gamu da ɗaya daga cikinsu a tasha, ya zama magidanci, ya durƙusa ya gaishe mu da ladabi. Cikin hira ya ce, "Malam, wallahi har yau idan na ga fartanya sai in ji kamar na yi laifi." Ya faɗa yana dariya, mu kuwa dariyar ba ta zo mana ba. Ɗan manomi ne jikan manomi, mu muka raba shi da ƙasa. Don haka abin da muke kira a yi yanzu ya sha bamban da gonar hedimasta ta wancan zamani.

Tun muna kwaleji an karantar da mu labarin wani Bajamushe, Friedrich Froebel, wanda a shekarar 1840, a wani gari mai suna Bad Blankenburg, ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna Kindagatin. Ma'anar kalmar a harshensu ita ce lambun yara. Ba a baki kawai sunan ya tsaya ba: kowane yaro yana da ɗan fangalinsa da zai shuka abin da ya ga dama, sa'an nan akwai na tarayya da kowa ke sa hannu. Yau ga sunan nan a allunan makarantun kuɗi ko'ina a birane, amma ka leƙa ciki ba za ka ga ko tsiron ciyawa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da yara 'yan ƙasa da shekarun firamare cikin ilimin tushe, shi ya sa aka buɗe musu azuzuwa a makarantun gwamnati. Amma yaro ɗan shekara 4 ko 5 ba a halicce shi don ya zauna a benci awa huɗu ba. Da hannu yake koyo, da ƙafa, da hanci, har da baki idan ba a lura ba.

To yaya ake tsara irin wannan wuri? Matakin farko ba ya bukatar ko kwabo. A je a zauna a filin a dube shi: da hantsi, da tsakar rana, da yamma. Ina inuwa take faɗuwa? Idan an yi ruwa, ina yake kwanciya, ta ina yake gudu? Ina ƙasa take da turɓaya, ina take fako? Ta ina yara suka saba bi idan za su bayan gida ko wajen masu sayar da abinci? Wannan na ƙarshe a kiyaye shi ƙwarai. Hanyar da ƙafafun yara suka riga suka fitar, ita ce hanya. Duk wanda ya yi komi a kanta, shi ya jawo wa shukarsa tattaki. A tambayi maigadi da tsofaffin unguwa, don sun san inda aka taɓa haƙa rijiya ko kududdufi aka cike. Bayan haka sai a ɗauko takarda a zana filin, a sa gabas da yamma, a sa gine-gine da famfo da ƙofa. Gyaran kuskure a takarda da abin goge fensir ake yi. A ƙasa kuwa sai an sare bishiya mai shekara biyar.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin a nan yawancin lambunan makarantu suke mutuwa. Mutum ya ga fili mai faɗi sai ya cika shi da komaye a watan Oktoba, kafin Janairu masu ɗebo ruwa sun gaji, kafin Maris an koma fako. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. A lokacin rani, komin da faɗinsa mita 1 tsawonsa mita 1 yana shan kimanin lita 5 ko 6 a yini. Idan duk komayenmu sun haɗu sun kai murabba'in mita 20, muna bukatar lita 100 zuwa 120 ke nan kullum, wato jarka 4 ko 5 masu cin lita 25. Wannan yara da malami ɗaya za su iya. Idan aka ninka shi sau goma, an koma aikin bauta, an dawo gidan jiya. Saboda haka a fara auna ruwan da ake da shi, sa'an nan a yanka lambu daidai da shi, a kuma kafa komayen kusa da famfo. Kowane taku da aka ƙara tsakanin famfo da komi, wani ɗan ƙaramin hannu ne zai biya shi.

Akwai kuma ruwan da muke zubarwa ba mu sani ba. Ruwan sama milimita 1 idan ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin ginin azuzuwa biyu mai faɗin mita 8 da tsawon mita 18 ya kai murabba'in mita 144. A shekarar da aka samu ruwa milimita 700, abin da ya sauka a kan wannan rufi kaɗai ya haura lita 100,000, wato jarka 4,000. Duk yana zuba ne a gindin bango, yana zaizaye harsashin ginin da muka sha wahalar gyarawa. Ba mu ce za a iya tare shi duka ba. Tanki mai cin lita 5,000 ɗan kaɗan zai kama, kuma a lissafinmu na ɗazu kwana 40 da 'yan kai zai yi ya ƙare. Amma kwanakin nan su ne ke raya dashe idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, su ne kuma ke riƙe lambu a farkon kaka. Sauran ruwan a yi masa hanya da ɗan lambatu marar zurfi ya tafi gindin bishiyoyi. Haka ruwan da ke malala a bakin famfo da wurin alwala: a ja shi zuwa ramin da aka cika da tsakuwa, a dasa gwanda ko ayaba ko zogale a gefe. Sharaɗi ɗaya ne, kada ruwa ya kwanta. Ruwan da ya yi mako guda a kwance gidan sauro ne, kuma duk tanki ko rijiya ko randa a yi musu murfi mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba.

Wata dabara da muka gwada ta yi mana amfani ita ce tulu. A samu sabon tulun ƙasa, a binne shi har wuya kusa da dashe, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa sannu a hankali zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. Ga sauƙi, ga ciniki ga matanmu masu ginin tukwane.

Maganar dabbobi gajera ce. Katanga ta yi, amma akuya ta ƙofa take shiga, kuma da rani in an saki dabbobi, ganye ɗaya kore a gari duk sun san inda yake. A yi wa lambun nasa shingen na ciki, darnin kara ko waya, da 'yar ƙofa mai sakata. Kada tsayinsa ya wuce ƙugun babba, don malama ta iya hango kowane yaro daga inda take tsaye. A jikin darnin a jera lalle ko zogale. Kafin karan ya ruɓe sun zama shinge mai rai. Kowane dashen bishiya kuma a yi masa kewaye nasa tun ranar da aka sa shi a ƙasa.

Yanzu sai inuwa. A garin nan daga Maris zuwa Mayu, da ƙarfe 11 na safe aji mai rufin kwano ya zama tanda, malami yana zufa yara suna gyangyaɗi. Bishiya ita ce maganin da ba ya bukatar wutar lantarki. Amma ba kowace bishiya ce ta dace da kowane gurbi ba.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin farkon damina kuwa, mai yaye rufin makarantu, daga gabas yake tasowa. Don haka a jikin katangar gabas da ta arewa ake son jeren bishiyoyi masu kare iska. Irin wannan jere yana rage ƙarfin iska har zuwa nisan da ya kai kimanin ninki 10 na tsayinsa. Darbejiya ta dace da wannan aiki. Asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta, amma ta zama 'yar gida: tana da saurin girma, tana jure fari, ba ta rabuwa da ganye lokacin da aka fi bukatarsa. Sai dai a nisanta ta da gini da kamar mita 6 ko fiye, kada kuma a yi komi a ƙarƙashinta, don kayan lambu suna son rana ta kimanin awa 6 a yini. Bishiyar turare kuwa ba mu ba da shawararta a kusa da lambu ko rijiya ba. Shan ruwanta ya yi yawa, rassanta kuma suna karyewa ba sallama.

Wurin zaman karatu yana son inuwa mai duhu. Kakanninmu da suka dasa ceɗiya da durumi a ƙofar fada da bakin kasuwa sun san abin da suke yi, ga shi kuma reshe kawai ake sarowa a kafa da damina ya kama. Amma saiwarsu ba ta jin kunyar bango ko masai, sai a ba su tsakiyar fili. Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4 idan ya samu ruwa, a bar mita 10 tsakanin ɗaya da ɗaya. A sani dai duk wanda ya dasa mangwaro a makaranta ya gayyaci jifa, don haka kada ya zama kusa da taga. Gwaba da lemo ba su da girma, sun dace da gefen lambu. Tsamiya tana da jinkiri, wanda ya dasa ta jikokinsa yake yi wa. Mu dai muna so a sa ko guda ɗaya, duk da mun san akwai iyayen da za su ce matattarar mutanen ɓoye ce. Mun yi shekaru muna karantarwa a gindin wata, ba mu ga kowa ba sai ƙadangaru.

Gawo yana da ƙaya, bai dace da wurin wasa ba, amma a can kusurwar da za a shuka hatsi ya cancanci gurbi, domin shi kansa darasi ne. Shi ne bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, saɓanin sauran. Ganyen ya zama taki, rana ta samu hanyar isa ga shuka, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na nesa da shi kyau. Yaron da ya ga wannan da idonsa shekara uku a jere ba zai girma ya sa masa gatari da wasa ba.

Kafin a je neman dashe wurin malaman gandun daji, a duba abin da ke filin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun koya wa duniya wani abu. Tun daga 1983, wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin Maraɗi suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a bari, a rage sauran. Suka kira abin sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Mun zagaya filin namu a makon jiya, mun ga tohon kalgo da sabara da wata 'yar aduwa a jikin katanga. Waɗannan saiwarsu ta riga ta yi nisa, ba su neman ban ruwa a wurin kowa. Dashen da za a sayo kuwa a jira sai damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 2 da faɗin ƙafa 2, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa toka saboda gara.

Bishiya ba ta yin inuwa a shekarar farko, yara kuwa ba za su jira ba. A kafa rumfa ta zana a inda aka zaɓa, a shuka soso ko duma ko kabewa su hau kanta. A ƙarƙashinta a yi dakali na ƙasa ko a jera gungume, a lanƙwasa jeren kamar jinjirin wata yadda kowane yaro zai ga fuskar malama da ta 'yan'uwansa. Tsayin mazaunin kada ya wuce ƙafa 1, don ƙafar yaro ta taɓa ƙasa. A juya su yadda rana ba za ta haske musu ido ba. A jikin katanga mafi kusa a shafe wani yanki da siminti a yi masa baƙin fenti, a faro shi tun daga gwiwar babba, ya zama allon da yara goma za su yi zane a kai lokaci guda ba wanda ya ce sun ɓata bango.

Wannan magana ta tsayi ita ce zuciyar tsarin duka. Mu manya da awonmu muke gina komai, sa'an nan mu yi mamakin yara sun tattake. Hannun ɗan shekara 5 bai fi ƙafa 1 da ɗan ɗori yake kaiwa ba. Don haka faɗin kominsa kada ya wuce ƙafa 2, yadda zai taɓo tsakiya daga kowane gefe ba tare da ya taka ba. Hanyar da ke tsakanin komaye ta kai ƙafa 3, yara biyu su wuce juna da gwangwanin ruwa, yaro mai keken guragu ma ya samu shiga. Da rani a yi komi mai zurfi ya riƙe ruwa, irin na masu fadama. Da damina a tayar da kunya don kada shuka ta nutse. Kayan aiki ma a je wurin maƙeri ya ƙera ƙanana, marasa kaifi sosai. Gwangwanin madara da aka huda gindinsa da ƙusa ya isa abin ban ruwa.

Abin shukawa kuwa, haƙurin yaro gajere ne, yatsunsa kuma ba su iya tsintar ƙaramin iri. A fara masa da wake da gyaɗa da masara da kabewa. Wake cikin kwana 3 ko 4 ya fasa ƙasa, kuma duk malamin da ya taɓa ganin fuskar yaro a safiyar da wakensa ya tsiro ba ya bukatar wani ya yi masa bayanin amfanin lambu. Alayyafo cikin kimanin mako 4 an fara yanka, sai dai irinsa ƙanana ne, a gauraya shi da yashi kafin a yafa. Kuɓewa wata biyu. A kuma riƙa duba kalandar makaranta, domin ita da damina ba su cika jituwa ba: ana tafiya dogon hutu a ƙarshen Yuli, daidai lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. Saboda haka a zangon ƙarshe a shuka masu saurin nuna, da 'yan kunyoyin gero da dawa da za a dawo a tarar. Babban lambu shi ne na sanyi. Daga Oktoba zuwa Nuwamba a yi renon tumatir da latas da albasa, a shuka karas kai tsaye don ba ya son dashe, a ci amfani daga Janairu zuwa Maris.

'Yan rabin aji a ware musu kusurwarsu a inuwa, kusa da ajinsu. Ba ta bukatar lilon ƙarfe daga birni, wanda rana ke gasawa ya ƙone cinya, in ya karye kuma babu mai gyara. Tifa guda ta yashi mai laushi da aka kewaye da gungume, da tulin yumɓu, da ƙwarya da ludayi da gwangwanaye, da 'ya'yan tsamiya da na dabino don ƙirga, da karan dawa don ƙera mota, sun wadatar. A yashi muka fara rubuta baƙaƙe da yatsa, kuma har yau ba a ƙera allon da ya fi shi sauƙin gogewa ba. A riƙa rufe yashin da tabarma bayan an tashi saboda kyanwa da kaji, a kuma tona shi da manjagara kowace safiya saboda kunama.

A nan dole mu ja kunne da babbar murya. Akwai tsirran da ba su da gurbi a inda ƙananan yara suke: zaƙami, da zurma, da bini-da-zugu, waɗanda 'ya'yansu guba ne ga mai ci, da tumfafiya da tinya, masu farin ruwan da ke illa ga ido. Haka fulawar nan mai siririn dogon ganye da ake ƙawata ofisoshi da ita, wadda Turawa ke kira oliyanda, mai jan fure da mai ruwan ɗorawa, ganye da 'ya'ya duk dafi ne. Kyan fure kada ya ruɗe mu. Maganin feshi na kanti kuma kada ya shiga lambun yara sam; toka da ruwan jiƙaƙƙen ganyen darbejiya da tsince tsutsa da hannu sun isa ɗan wuri irin wannan. A riƙa yanke ciyawa, kada a tara duwatsu ko tarkace inda maciji zai fake.

Wani zai ce, to duk wannan ina karatun? Yaron da ya ƙirga ƙwayar wake 10 ya shuka, 7 suka fito, ya yi ɗebewa ba tare da an kira sunanta ba. Wanda ke auna tsayin masararsa da kara kowace Litinin ya shiga awo. A kafa sanda a tsakiyar fili a riƙa sa dutse a bakin inuwarta kowace awa: ga agogo, ga gabas da yamma, ga kuma hanyar da malamanmu na da suke gane shigar Azahar da La'asar. Za su lura da kansu cewa da hunturu inuwar tsakar rana arewa take karkata, a watan Yuni kuwa ta ɗan koma kudu. Ga kuma harshe. Jikokinmu da yawa, har na nan cikin gari, ba su iya bambanta marke da maɗaci, ba su san sunan lalo ko tafasa ba sai a miya ko kwaɗo. A rubuta sunan kowace shuka a ɗan allo da boko da ajami, a gayyato tsoho ko tsohuwa sau ɗaya a wata su zauna a rumfar nan su faɗi amfanin kowace.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya: wa zai kula, wa kuma zai ci? Shawararmu ita ce a rubuta ƙa'ida tun yau, a manna a ofishin hedimasta. Ba a tura yaro lambu don horo. Abin da yaro ya shuka a fangalinsa nasa ne, ya kai wa mahaifiyarsa ko da ganye biyar ne. Abin da aka samu a komayen tarayya a dafa a ci tare, ko a sayar a sayi iri, a kuma karanta lissafin a gaban yara. Lokacin hutu a damƙa wa maigadi da mata biyu ko uku na maƙwabta, a ba su nasu komayen a ciki su yi miya, ƙungiya kuma ta ɗan riƙa yi musu ihsani. Malamin da ke da sha'awar abin shi za a ba jagoranci, amma a haɗa shi da na biyu, don mun sha ganin lambun da ya bi mai shi ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo.

Ga masu maganar shaguna, mun san asusun ƙungiya yana bukatar abin shiga, kuma ba mu ce a bar neman sa ba. Muna roƙo ne a nemi wani wurin, ko a jinkirta hukunci har damina biyu a ga abin da filin zai zama. Abin da muke nema daga ƙungiya a bana bai wuce tanki ɗaya da bututun tara ruwan rufi, da wayar shinge, da tifar yashi, da ladan maƙeri ba. Bishiyoyi kuwa kowane reshe na ƙungiya, na gida da na birane, ya ɗauki nauyin biyar tare da kewayensu har su shekara biyu.

Gobe in Allah Ya kai mu, bayan sallar La'asar, za mu kasance a filin da igiya da turaku da takardar zane. Muna gayyatar 'yan kwamitin ilimi, da hedimasta da malamansa, da duk wanda bai riga ya kama hanya ba. Wanda ke da jika ɗan shekara 5 ya riƙo hannunsa ya zo da shi, don da hannunsa za mu auna faɗin komin farko.